Me ya sa birki ke ƙin ci a doguwar gangara?

Tambaya: Ina jigilar fasinja tsakanin Jos da Akwanga. Wasu direbobi na cewa a saka mota firi, wato a cire giya, a gangaren Hawan Kibo don a rage shan mai, amma na lura birkina kan yi laushi kafin in kai ƙasa, har da ƙauri. Mene ne gaskiyar lamarin?

Amsa: Malam, ƙaurin nan da kake ji gargaɗi ne, kuma saka firi ne ke jawo shi. A gangara nauyin mota da lodinta ne ke janyo ta ƙasa, ko ba ka taɓa totur ba. Abubuwa biyu ne ke iya riƙe ta: inji da birki. Da zarar ka cire giya, ka sallami inji, aikin duka ya koma kan birki.

Shi kuwa birki, gudun mota yake mayarwa zafi. Motar da ta kai kilo 1,500 da lodinta, idan ta sauko tudu mai tsayin mita 300 bisa birki kaɗai, zafin da zai taru ya yi kusa da na tsayar da ita daga gudun kilomita 100 a awa sau bakwai zuwa takwas a jere. In faifan birki ya yi zafi ainun, kamunsa na raguwa, sai ka ƙara takawa, zafi ya ƙaru. Daga nan sai man birki ya tafasa. Sabon man birki nau'in DOT 3 sai ya haura digiri 205 na Celsius yake tafasa, DOT 4 kuwa 230, amma man birki na tsotsar danshi, don haka wanda ya tsufa kan tafasa a wajen 140 zuwa 155. Idan ya tafasa tururi ne ke shiga bututu, tururi kuma matsewa yake yi, shi ya sa ƙafarka ke nutsewa mota ba ta tsaya ba. Ka riƙa sauya man duk shekara 2.

Tun kana kan tudu ka rage gudu, ka saka giyar da za ka hau wannan tudun da ita, lamba 2 ko 3 gwargwadon lodi. Mai otomatik ya koma L ko 2. Inji zai yi ƙara, kada ta dame ka muddin allurar da ke nuna juyin inji ba ta shiga ja ba. In gudu ya ƙaru ka taka birki sosai na 'yan daƙiƙoƙi, ka saki ya sha iska. Kada ka ɗora ƙafa a kai tun daga sama har ƙasa. Ka ba na gaba rata, domin gudu in ya ninka biyu, tazarar tsayawa kan ninka huɗu.

Batun mai kuwa ba riba. Motocin injekta na yanke mai da kansu idan mota tana cikin giya ka ɗaga ƙafa daga totur, alhali a firi inji na ci gaba da sha. Kashe inji ya fi komai muni: birki da sitiyari duk za su yi tauri.

Idan birki ya fara laushi, ka tattaka shi da sauri, ka sauko da giya ɗaya bayan ɗaya, ka ja birkin hannu a hankali kana danne da maɓallinsa. Ka samu wuri ka tsaya ya huce da kansa, kada ka watsa wa faifan ruwa domin yana iya lanƙwashewa, sannan bakanike ya duba kafin ka sake ɗaukar fasinja.