Amsar tambaya kan Python ɗin Debian 12

Assalamu alaikum jama'a. Ƙanena, na saurari saƙonka. Ka ce sabar makarantarku Debian 12 ce (wani nau'in tsarin Linux mai tafiyar da kwamfuta), Python ɗin da ke kanta, wato yaren rubuta manhaja, 3.11 ce, alhali sababbi sun fito, shi ne kake so ka ƙara ma'ajiyar testing, inda Debian ke gwada sababbin manhajojin da za su shiga fitowa ta gaba, ka jawo sabuwa. Don Allah dakata, kada ka taɓa komai tukuna.

Ba mantawa mutanen Debian suka yi ba, da gangan suka bar ta haka. Debian 12 ta fito a watan Yunin 2023, kuma tun kafin ta fito aka tsayar da sigar kowace manhaja a inda take. Alkawarin da suka ɗaukar maka shi ne, abin da ke aiki a na'urarka yau zai ci gaba da aiki gobe bayan ka yi sabuntawa. Wannan alkawarin fa shi ya sa ake ɗora sabar makaranta ko ta asibiti a kanta.

Za ka ce to ina batun tsaro? Ai ana yin sa. Idan aka gano ɓaraka, masu kula da tsaron Debian sukan ciro gyaran shi kaɗai daga sabuwar siga su ɗora a kan tsohuwar. Duba ƙarshen lambar fakitin, za ka ga irin su deb12u1, deb12u2. Gyara ya shiga ke nan, amma halin manhajar bai sauya ba.

Bari in ba ka misali da Python ɗin kanta. A 3.12 an cire distutils, wani sashenta da ake haɗa fakiti da girka shi da shi, daga cikinta ɗungurungum. Duk tsohon aikin da ya dogara da shi, sai dai ka tashi da safe ka tarar ya ƙi tashi. Kuma ba aikinka kaɗai ba, kayan tsarin da yawa da Python aka rubuta su. Sannan Python ɗin testing ba ta zuwa ita kaɗai, tana iya jawo sabuwar libc6, wadda kusan duk manhajojin tsarin suka dogara da ita, da wasu fakitoci masu yawa, kuma komawa baya daga nan wahala ce babba. Ka tuna abin da ya faru da xz, manhajar matse fayil, a watan Maris na 2024? An cusa ƙofar baya, wato ɓoyayyiyar hanyar kutse, a siga 5.6.0 da 5.6.1, ta shiga testing da unstable (ma'ajiyar da sababbin fakitoci ke fara sauka), amma Debian 12 tana kan 5.4.1, abin bai same ta ba.

Akwai waɗanda aka ɗaga wa ƙafa, gaskiya, kamar manhajojin shiga intanet Firefox ESR da Chromium, su ana kawo sabuwar sigarsu saboda bin ɓarakarsu ɗaya bayan ɗaya ya fi ƙarfin kowa.

To me za ka yi? In aiki ɗaya ne ke buƙatar sabuwar Python, saka shi cikin Docker, mai keɓe aiki da kayansa daban da tsarin, ko ka girka ta gefe da pyenv, mai ba ka damar ajiye sigogin Python daban-daban, ka bar ta tsarin yadda take. In kuwa dukkan na'urar kake so ta matsa gaba, Debian 13 ta fito a watan Agustan 2025 da Python 3.13. Ka fara gwada ta a wata kwamfutar daban, ka adana kwafin bayanan ɗalibai, ka jira lokacin hutu sannan ka ƙaura. Turo mini sunan manhajar da take neman sabuwar Python ɗin, mu duba tare.