Tambaya da Amsa: Ana iya canza tsari bayan an fara gini?

Tambaya: Ina gina bene na shaguna 12 kusa da babbar kasuwar Maraɗi. Ɗana ya ce mu bi tsarin "ajayil", wai ana canza shiri ana cikin aiki. Ni kuwa masu haya kullum da sabuwar buƙata suke zuwa. Anya ya dace da gini? — Wani Alhaji, unguwar Zariya

Amsa: Alhaji, ɗanka ya yi gaskiya, amma rabinta ya faɗa. Masu haɗa manhajar kwamfuta su 17 ne suka shimfiɗa wannan tsari a Amurka a 2001. Su in sun yi kuskure gogewa suke yi. Kankare kuwa in ya kama, sai guduma. Saboda haka harsashi, ginshiƙai, matakala da kaurin rodi, injiniya ya yanke su tun kan takarda, kada a ƙara taɓawa. Inda canji ke da araha shi ne bangon da ke raba shaguna, ƙofofi, tayil da fenti. Ko nan ma, a binne bututun wuta da na ruwa kafin zubi, don kada a koma fasa bene sabo.

Abin da za ka ara daga masu manhajar shi ne gajeren zango. A yanka aikin mako biyu-biyu. Kowace safiya shugaban magina, mai ɗaurin rodi, kafinta da mai wuta su tsaya minti 15 gaban allon da ake rubuta ayyuka: me aka gama jiya, me za a yi yau, me ya tokare. Kada a rubuta aikin da kayansa ba su iso fili ba. Nan ake yawan faɗuwa: a kira leburori ranar zubi, yashi ya zo, tsakuwa na hanya, siminti bai cika ba, a biya mutane kuɗin zama inuwa. Mita kubik ɗaya ta zubin bene na cin buhun siminti 7 masu kilo 50, sai a lissafa tun da wuri. Kayan da ke zuwa daga Malbaza, inda masana'antar siminti take, ko daga Kano ta Ɗan Isa, a yi odarsu da ratar mako shida.

Abu ɗaya ne ba ya jin gaggawa. Kankare na son ban ruwa aƙalla kwana 7, safe da yamma, balle a zafin Afrilu, kuma ƙarfin da injiniya ya lissafa sai kwana 28. Ko mai haya ya matsa, kada a zare katakon tokara sai injiniya ya duba ya yarda.