Jakar riyal 40 da ta ci min lensi

Ka tambaye ni wai jakar kyamara ta goyo za ka saya ko ta ratayawa, da abin da za ka zuba ciki don aikin kullum. Yaro, bar maganar siffa tukuna, kama maratayin ka duba. A nan jaka take cin amanar mai ita.

Ina da shekara uku da fara aikin ɗaukar hoto a Jidda na sayi wata jaka wurin wani ɗan gwanjo, riyal 40. Ya rantse min da Allah sabuwa ce, daga kwali ta fito. Baƙa wul, soso kamar katifa, ni kuwa ina ta murnar na yi arha. Ƙugiyar maratayin ta roba ce, ban ko kalle ta ba. Daren wata Alhamis aka kira ni ɗaukar hoton ɗaurin aure a wata istiraha, wato gidan haya na yin biki, ina hawa bene da sauri kada ango ya riga ni shiga, sai na ji ƙas! Jaka ta bugi tayil, ta gangara matakala huɗu. Lensina mai 70-200, wato dogon nan mai jawo nesa, na ciki, nauyinsa kusan kilo ɗaya da rabi, wanda na yi shekara guda cur ina tara kuɗinsa. Da na ɗaga shi na girgiza, sai ƙara kamar tsakuwa a gwangwani. Washegari na koma wa mutumin, ya dubi tsabar idona ya ce bai taɓa ganina ba. Har yau in na bi ta layin nan raina ɓaci yake.

Saboda haka ƙugiya ta zama ta ƙarfe, ɗinkin gindin maratayi mai ninki, ka ja shi da ƙarfinka a gaban mai shago. In ya ɓata rai, fita. Ta ratayawa nake ɗauka, don a lungunan Balad, tsohuwar unguwar Jidda, ba ka da lokacin sauke goyo kana neman zik, abin da za ka ɗauka ya wuce.

Kaya kuwa, kyamara da lensi ɗaya a jikinta, ɗaya a gefe, shi ke nan. Ku yaran yanzu sai ku kwashi duk abin da kuka gani a YouTube ku loda, kafin la'asar kafaɗa ta mutu. Batir da memori ba sai na faɗa maka ba.

Abin da ba za su gaya maka ba shi ne laimar garin nan na bakin teku. In ka fito daga sanyin mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, kada ka buɗe jaka sai ta ɗan jima a waje, in ba haka ba gilashi ya yi gumi. Ka jefa 'yan ƙunshin silika, masu tsotse danshi, a ciki saboda fumfuna. Kuma ranar da na ga ka bar ta a mota cikin zafin watan Agusta, ranar za ka nemi wani maigidan.