Amsa: An sallame ni bayan an kama ni da ƙwaya, ko maganar ta mutu ke nan?

Malam, ka ce 'yan sanda sun tare motarka, sun sami ƙwayoyi a aljihunka, suka ƙwace su suka sallame ka, ga shi watanni sun shuɗe shiru. Kada shirun ya ruɗe ka, domin sallama ba ta nufin an rufe fayil.

Galibi abin da ke jawo jinkirin shi ne gwaji. Ana sa ƙwayar a leda a liƙe, a rubuta lamba da nauyinta, a kai ta ɗakin bincike, inda za ta bi layin wasu shari'o'in kafin a tabbatar da ko mece ce. Sai sakamako ya fito mai gabatar da ƙara yake yanke shawarar tuhuma, kuma doka ta ba shi wa'adi mai tsawo. A dokar tarayyar Amurka, alal misali, shekara 5 ne ga yawancin laifuffuka.

A ganina, ka nemi lauya tun yanzu. Ka tabbata adireshin da ka bayar daidai ne, domin idan sammaci ya zo ba ka halarci kotu ba, alƙali na iya ba da umarnin kama ka. Idan kuma jami'i ya kira ka da sunan ƙarin bayani, kada ka ce komai sai lauyanka yana wurin.