Rigar da na ɗinka wa 'yata ta ƙi wuce kanta, ina gyaran yake?

Tambaya:

Assalamu alaikum. Ina da keken ɗinki a gida, kuma ina ɗinka wa kaina riga da siket daidai gwargwado. Kwanan nan na ce bari in fara ɗinka wa 'yata mai shekara ɗaya da rabi, sai na ɗauki yankan rigata na rage shi ta ko'ina. Ta farko ta ƙi wuce kanta sam. Ta biyu na buɗa wuyan, sai ya riƙa zamewa daga kafaɗa, wanki ɗaya kuma rigar ta ɗage. Ga shi da na sa mata sai ta kama soshe-soshe tana jan rigar. Wasu sun ce in riƙa yi mata da girma don ta daɗe tana sawa. Me ya kamata in gyara?

Amsa:

Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya raya ta. Hannunki ba shi da laifi, kekenki ma haka. Tun wurin yanka aka samu matsala, domin kin ɗauki jikin yarinya a matsayin jikin babba da aka ƙanƙanta, alhali tsarinsu ya sha bamban.

Ɗauko tef ɗin awo ki gani da idonki. Kewayen kan jariri ranar haihuwa kusan santimita 35 ne, yana cika shekara ya kai 45 ko 46, mai shekara ɗaya da rabi kuwa yana wajen 46 zuwa 47. Naki kan bai wuce 55 ko 56 ba. Tsayinta kuma kusan santimita 80 ne, wato rabin naki ko kusa da haka. Ke nan yarinyar da ba ta wuce rabinki a tsayi ba, kanta ya haura kashi huɗu cikin biyar na naki. Da kika rage rigar ta ko'ina, wuyan ma ya ragu da rabi, kan kuwa yana nan da girmansa. Kafaɗunta kuma 'yan ƙanana ne, shi ya sa duk ramin wuyan da ya isa kai ya wuce a sake, ya fi ƙarfin kafaɗa ta riƙe shi. Rigunanki biyu ciwo ɗaya ke damunsu.

Maganinsa a bar wuyan daidai wuya, a yi wa kai ƙofa ta daban. Mafi sauƙi ita ce tsaga a tsakiyar baya. Lissafinta ba wuya: kowace tsaga tana ƙara wa wuya ninki biyu na tsawonta, tunda gefe biyu take buɗewa. In kewayen wuyan rigar santimita 30 ne, tsagar santimita 10 za ta mai da shi 50, kai ya wuce ba tare da an murje kunne ba. Ki auna kanta ta saman goshi, ki ƙara santimita 3 ko 4, wannan shi ne abin da wuya da tsaga za su bayar in an haɗa su. Sai ki rufe tsagar da maɓalli ɗaya da 'yar madauki. Ga jaririn da yake yini a kwance, buɗin kafaɗa ko na gaba ya fi, don kada ya kwanta a kan maɓalli. Ni dai ga mai shekarun 'yarki na fi son buɗin baya, saboda hannunta ba ya kai wa wurin balle ta tsinke maɓallin ta kai baki.

Daga wuya sai gangar jiki. Ƙaramin yaro ba shi da ƙugu irin na manya. Ƙirji da ciki da ɗuwawu kusan awo ɗaya suke bayarwa, cikin ma ya ɗan turo gaba, ga kunzugu ko famfas ya ƙara kauri a ƙasa. Don haka duk wata matsewar ƙugu da kika saba yi wa rigarki, ki ajiye ta gefe. Yankan da ke zama lafiya shi ne wanda ya kama kafaɗa da ƙirji, ya buɗe a hankali zuwa ƙasa. Ki auna ta tana sanye da famfas, bayan ta ci ta ƙoshi, ki sa yatsu biyu a ƙarƙashin tef ɗin. A yadin da ba ya miƙewa ki ƙara santimita 6 zuwa 8 a kan awon ƙirji don numfashi da ɗaga hannu. In wando ne, bayansa ya fi gabansa tsayi da kamar santimita 3 ko 4, hantsar kuma ta yi zurfi, in ba haka ba tana tsugunawa zai sauka. Idan tef ɗinki na inci ne, inci ɗaya santimita biyu da rabi ne.

In ta ƙi tsayawa a auna ta, kuma yawancinsu ba sa tsayawa, ɗauko rigar da take yi mata daidai yanzu. Ki juya ta, ki ninka biyu, ki shimfiɗa a kan takarda ki zana gefenta, ki ƙara santimita ɗaya da rabi na ɗinki. Abu ɗaya za ki kula: in rigar da kika kwafa mai miƙewa ce irin ta singileti, yadinki kuma ba ya miƙewa, sai kin ƙara faɗi kin kuma yi tsaga, domin miƙewar ce take yi wa waccan aikin ƙofa.

Ɗagewar rigar bayan wanki kuwa halin auduga ne. A wankin farko takan ja da kusan kashi 3 zuwa 5 cikin ɗari, kuma ta fi ja ta tsayi. A rigar babba ba a cika lura ba, amma rigar da tsawonta santimita 45 ne, in ta rasa 2 sai an gani. Ki wanke yadi ki shanya ki goge kafin almakashi ya taɓa shi. Wankin yana fitar da sitati da sauran abin da masaƙa ke sa wa sabon yadi don ya yi ƙyalli, kuma a nan za ki san ko yana zuba. Wurin yanka, tsayin riga ya bi tsayin yadi. In kika karkata shi don tsimin ƙyalle, bayan wanki ɗinkin gefe zai murɗe ya dawo gaba.

Soshe-soshen nan shi ne abin da nake so ki fi ba wa muhimmanci, domin ita ba ta da bakin da za ta ce ga inda yake cizo na. Mu manya waje muke kallo, yaro kuwa cikin riga yake ji. Juya rigar ki goga ɗinkin a cikin wuyan hannunki ko a gefen wuyanki, ki ɗan danna. Bakin yadin da aka bari tsirara, bayan aikin ado mai tauri, leshi mai kaifi, kan zif, ƙullin zare a hammata, duk za ki ji su. Fatar yaro ta fi taki laushi, ga zufa tana taruwa a wuya da hammata da matsematsi, daidai inda ɗinki ya fi yawa.

Akwai ɗinkin da ke ɓoye bakin yadi gaba ɗaya, keke mai ɗinki miƙaƙƙe kawai ya ishe shi. Ki haɗa ƙyallen biyu fuskarsu tana waje, akasin yadda kika saba, ki ɗinka rabin santimita daga baki. Ki rage bakin da almakashi ya zama siriri, ki goge, ki juya yadda fuskokin za su haɗu, ki sake ɗinkawa santimita ɗaya daga ninkin. Bakin ya shige ciki ke nan, ba zare ko ɗaya a waje, kuma ɗinkin ya zama biyu, ya fi jure wanki. A yadi mara kauri yake kyau, a gefe da kafaɗa. Wuya da hammata kuwa, ki yanko siririn ƙyalle a karkace, faɗin santimita 3, ki naɗe bakin da shi. Yankan karkace yana ɗan miƙewa, shi ya sa yake bin lanƙwasa ba ya tattarewa. In kin yi ado a ƙirji, ki sa shafi mai laushi a bayansa.

Shi kansa yadin ki bincike shi. Da yawa ana ce musu auduga alhali an gauraya su da roba, suna riƙe zafi ba sa shan gumi. Yanki ɗan ƙyalle ki riƙe da abin kamawa, ki kusanta shi da ashana a inda ba yara. Auduga tana ci da warin takarda, ta bar toka mai laushi da ke murjewa a yatsa. Mai roba yana narkewa ya dunƙule ya bar ƙwallo mai tauri. Kada kuma ki raina tsohuwar rigar auduga ta manya da ta sha wanki, da tsohuwar zuma ake magani: ta gama ja, ta gama zuba, ta yi laushi, kuma in yanka ya ɓaci ba ki yi asara ba. In kin gyara duk wannan amma susar ba ta daina ba, ko kika ga ƙuraje ko jan fata har a inda riga ba ta taɓawa, to maganar ta wuce ɗinki, a kai ta ga ma'aikacin lafiya.

Masu cewa ki yi mata da girma, rabin gaskiya suka faɗa. Yaro tsayi yake yi da sauri, faɗi kuwa a hankali. Tsakanin shekara ɗaya da biyu yakan ƙara kusan santimita 12, daga nan 6 zuwa 8 a shekara, alhali ƙirji ɗan kaɗan yake ƙaruwa. Rigar da aka yi wa girma ta ko'ina, kafaɗa za ta zube, hannu ya rufe yatsu, ƙasa ta harɗe ƙafar mai koyon tafiya, kafin ta cika ta kuma ta riga ta koɗe. Riga mai baza-baza ta fi saurin kama wuta in yaro ya gifta kusa da ita, mai roba kuma narkewa take yi ta manne a fata. A tsayi ake ajiye girma, a ɓoye shi. Ki yi kalmasa mai zurfin santimita 6 a ƙasa da dogon ɗinki mai sauƙin farkewa, ko ki yi ninki biyu ko uku a kwance sama da kalmasar, su zama ado yau, gobe a warware ɗaya. Rigar da ta buɗe ƙasa ma in ta gajarta sai ta koma ta sama, a sa da wando. Robar ƙugu kuma ki zura ta cikin gidanta maimakon ki ɗinke ta da yadi, ki yanke ta ƙasa da awon ciki da santimita 2 ko 3. In kin cire wando kika ga shaida a fatarta, ta matse, sai ki zare ki sa wata.

Ba ki tambayi ado ba, amma ba zan wuce shi ba, don nan ne garin neman gira ake rasa ido. Igiya ko zariya a wuya ko a hular riga ba ta da wuri a kayan ƙaramin yaro, tana iya maƙalewa a wani abu ta shaƙe shi. Ƙa'idar Tarayyar Turai mai lamba EN 14682 ta hana ta a kayan yara har zuwa shekara 7. Masu gwada kayan wasa kuma suna da wani ɗan bututu mai faɗin milimita 31.7, duk abin da ya shige cikinsa ana ɗaukarsa abin da zai iya sarƙe yaron da bai kai shekara 3 ba. Kusan kowane maɓalli da dutsen ado zai shige. Don haka duwatsu da ƙyalƙyali na mannawa ki bar su sai ta girma. Maɓallin da ya zama dole ki ɗinka shi da zare ninki biyu, kowanne da ƙullinsa, ki riƙa jansa da ƙarfi bayan wanki. Ki bi cikin riga da wando ki datse duk zaren da ya yi saura, musamman a safa da ƙafar wando, domin zare ɗaya kan naɗe yatsan jariri ya hana jini wucewa, uwa tana ta neman dalilin kuka. Ki kuma shafa rigar da tafin hannu kafin ki sa mata, ko an manta fil.

A kan keke ba abu mai yawa. Allura mai lamba 80/12 da tazarar ɗinki milimita 2.5 sun ishi yawancin yadin auduga mara kauri. Yadi mai miƙewa yana son allura mai dunƙulallen baki da ɗinkin zigzag, wato mai tafiya dama da hagu, in ba haka ba zare ya tsinke a sawar farko. Hannun rigar yara ya yi ƙanƙanta ya shiga ƙarƙashin allura in ya zama zagaye, don haka ki yi kalmasarsa tun yana shimfiɗe, ki haɗa shi da kafaɗa, sannan ki ja ɗinki ɗaya daga bakin hannu har ƙasan riga. Hantsar wando ki bi ta sau biyu.

Rigunan nan biyu kada ki yar. Ta farko, in ƙirjin ya yi mata, ki tsaga bayanta santimita 10 ki naɗe bakin da ƙyallen karkace, ta gyaru. Ta biyu ki kama ninki ɗaya a tsakiyar wuyan ta gaba, ko ki ɗan tattara shi har ya zauna a kafaɗa, sannan ita ma ki yi mata tsagar baya, tunda wuyan zai koma ƙarami. Tsayin da wanki ya cinye kuma ki mayar da shi da ƙyalle mai wani launi a ƙasa, amma shi ma ki fara wanke shi kafin ki haɗa.