Kafin Ki Sayi Kyamara: Amsa ga Mai Shirin Karatun Ɗaukar Hoto

Assalamu alaikum ƙanwata. Saƙonki ya iso ni, na kuma karanta shi a tsanake. Kin ce kina shirin neman gurbin karatun ɗaukar hoto a nan Ingila, amma da kika duba tsarin kwasa-kwasan sai kika ga ɗalibai na aiki da fim ɗin kyamara, suna wanke hoto a ɗakin duhu, alhali ke abin da kika sani shi ne ɗauka da waya da wata kyamarar aro, sai gyara a kwamfuta. Kina tambaya ko an bar ki a baya, ko dole sai kin sayi babbar kyamara kafin ki nema, da kuma amfanin da fim zai yi miki a wannan zamani.

Ki kwantar da hankalinki, ba a bar ki a baya ba. Ina aiki a ɗakin wankin hoto na wata kwalejin fasaha, kuma sababbin ɗaliban da ke shigo mana duk shekara, akasarinsu ba su taɓa riƙe fim a hannu ba. Sun tashi sun tarar kyamarar dijital ta cinye kasuwa. Kamfanin Kodak da kansa, wanda injiniyansa Steven Sasson ya ƙera kyamarar dijital ta farko a 1975, sai da ya nemi kariyar kotu saboda karayar arziki a 2012. Babu malamin da ke sa ran ki zo da ilimin ɗakin duhu. Abin da za su koya miki ke nan. Roƙona kawai, in kin zo kada ki guje masa, domin na ga masu hazaƙa da yawa suna kallonsa a matsayin tsohon yayi, suna yin iya abin da aka wajabta su gudu kan kwamfuta, kuma gibin na fitowa a ayyukansu daga baya.

Bari in shiga da ke ciki. Fim baƙi-da-fari siririyar leda ce da aka shafa wa jelatin mai ɗauke da ƙwayoyin gishirin azurfa. Inda haske ya taɓa, ƙwayoyin sun canza, amma ido ba zai gani ba sai an wanke. Naɗi ɗaya na fim mai faɗin milimita 35 hoto 36 yake ɗauka, wani ma 24, kuma babu allon dubawa a bayan kyamarar. Abin da ya fi ba ɗalibai wuya a makon farko shi ne zura fim ɗin a faifan da ake naɗe shi kafin wanki, domin cikin baƙin duhu ake yi, ko jar fitila ba a kunnawa. Da yatsu kaɗai ake lalube: ki ɓalle murfin gwangwanin da fim ɗin ke ciki, ki daidaita bakin fim ɗin da almakashi, ki nemo ƙofar faifan, ki riƙa murzawa gaba da baya har ya shige duka. Hannu ya yi gumi ko faifan na da ɗan laima, sai fim ɗin ya cije ya ƙi tafiya. Shi ya sa muke ba su lalataccen fim su yi ta gwadawa da rana, ido a buɗe, sannan ido a rufe. Da zarar faifan ya shiga tankin wanki an rufe, sai a kunna wuta. Ruwan fito da hoto a kan digiri 20 na ma'aunin Celsius ake son sa. Fim ɗin Ilford HP5 a cikin ruwan ID-11 da ba a sirka ba minti bakwai da rabi yake yi, ana jijjiga tankin na sakan 10 a farkon kowane minti. Ruwan ya yi ɗumi ko kika zarce lokaci, baƙi da fari su yi tsanani, launukan toka na tsakiya su ragu. Daga nan sai ruwan tsayarwa, sai ruwan kafewa wanda ke narkar da azurfar da haske bai taɓa ba, a ɗauraye, a shanya. Abin da ya fito shi ne nagatif, inda fari ya koma baƙi, baƙi ya koma fari.

Buga hoton a takarda shi ne inda karatun yake. Nan ana kunna jar fitila, saboda takardar ba ta ganin jan haske. Ki sa nagatif a na'urar faɗaɗa hoto, ta haska shi ƙasa. Ba a fara da cikakkiyar takarda. Guntu ake yanka, a rufe shi da kwali, a riƙa janye kwalin kaɗan-kaɗan, kowane ja sakan uku, har a samu layi-layi daga mai haske zuwa mai duhu. Ki tsoma guntun a tire, ki riƙa ɗaga gefen tiren a hankali ruwan na kai da komo. Da farko takardar fara ce fat. Can sai wuraren da suka fi duhu su fara ɓullowa, gashi da ƙwayar ido da inuwar ƙarƙashin haɓa, sannan sauran fuskar ta biyo baya, cikin kamar minti ɗaya komai ya zauna. Ki fita da shi waje ga farin haske ki zaɓi layin da ya dace, kina tune da cewa takarda kan ƙara duhu kaɗan idan ta bushe. Sai ki tambayi kanki ko hoton na son tsanani ko taushi, ki zaɓi ledar tace haske daga lamba 00 zuwa 5. Idan fuska ta yi duhu, ki sa ɗan zagayen kwali da aka manna a kan waya ki tare mata haske na 'yan sakanni, hannunki na kaɗawa don kada ya bar shaida. Idan sararin sama ya yi fari da yawa, ki dunƙule hannu ki bar 'yar kafa, ki ƙara masa haske shi kaɗai. Hoto ɗaya na iya cin yini guda.

Yanzu ki buɗe Photoshop, wanda 'yan'uwa biyu, Thomas da John Knoll, suka ƙirƙira aka fitar a 1990. A jerin kayan aikinsa akwai alamar sanda mai zagayen kai, akwai alamar hannu a dunƙule. Wancan kwalin ne da wancan hannun. Aikin ɗaya ne: yanke shawarar inda ido zai fara sauka, me zai fito, me zai koma baya. Bambancin shi ne a ɗakin duhu kowace shawara na cin takarda da lokaci, don haka dole ki san abin da kike nema kafin ki motsa hannu. A kwamfuta kuwa za ki iya ja ki mayar sau ɗari ba tare da kin tsai da magana ba. Ɗalibin da ya yi zango ɗaya a ɗakin duhu, idan ya koma kan kwamfuta gyaransa raguwa yake, hotonsa kuma ya ƙara natsuwa. Wannan ina ganinsa duk shekara, kuma shi ne amsata ga tambayarki kan amfanin fim.

Ilimin da kike da shi na dijital kuma ba na yarwa ba ne, rabin kwas ɗin ne. Ki saba da ɗauka a tsarin RAW, wato ɗanyen fayil ɗin da kyamara ba ta sarrafa ba, in kyamarar ta yarda. Hoton JPEG matakan haske 256 ne gare shi a kowane launi, RAW kuwa 4,096 ko 16,384, kuma a cikin wannan tazarar ake ceto inuwa ba tare da hoton ya dagule ba. Ki ɗauki fayil ɗin RAW tamkar nagatif ɗinki, kada ki goge shi, ki ajiye shi wuri biyu. Idan ba ki da manhajar gyaran hoto ta Lightroom, akwai darktable da RawTherapee da GIMP, duk kyauta ne kuma sun isa. Ki riƙe wannan ma: fim ɗin nagatif na jure yawan haske amma yana mutuwa a inuwa, dijital kuma akasin haka, wurin da ya ƙone ya yi fari ya tafi ke nan. Sannan ki riƙa bugawa a takarda, domin allo haske yake fitarwa, kuma hoton da ya yi kyau a kansa sau da yawa a duhu yake fitowa daga firinta.

Akwai wani batu da nake so ki shigo da shi a zuciya. Ma'aunin hasken kyamara na ɗaukar komai a matsayin toka mai matsakaicin duhu, don haka idan kika bar masa ragama, baƙar fata kusa da farin tufafi ko farin bango sai ta nutse. Daga shekarun 1950 ɗakunan wankin hoto mai launi suka riƙa daidaita na'urorinsu da katin Kodak mai ɗauke da hoton farar mace, sai a tsakiyar shekarun 1990 aka fitar da kati mai mata masu launin fata daban-daban. Duk wanda zai ɗauki fuskokin mutanenmu, wajibi ne ya iya auna haske daga fuskar kanta, ya iya fito da sheƙi da zurfin fatar ba tare da ya ɗashe ta ba. Ba kowane malami ne zai tsaya a kan wannan ba. Ki nace, ki yi tambaya, ki mai da shi abin bincikenki in kina so.

Iyakar gyara kuma ta danganta da irin aikin. A aikin fasaha za ki iya haɗa hoto biyu, ki cire ki ƙara, muddin kin bayyana. A aikin jarida ba haka ba ne. A gasar World Press Photo ta 2015, kashi 20 cikin 100 na hotunan da suka kai zagayen kusa da na ƙarshe an fitar da su saboda gyaran da ya wuce iyaka, bayan an kwatanta su da fayilolinsu na asali. Ki san a wane gida kike tun kafin ki danna.

Sai batun kundin ayyukan da za ki tura, wanda ya fi kyamara muhimmanci nesa ba kusa ba. Kowace makaranta na da adadin hotunan da take so, ki karanta sharuɗɗanta da kanki. Amma abin da suke nema iri ɗaya ne: mutumin da ya kama zare ɗaya ya bi shi. Tarin kyawawan hotuna marasa alaƙa, faɗuwar rana nan, fure can, ba ya gaya musu komai game da ke. Ki dubi J. D. 'Okhai Ojeikere, mai ɗaukar hoto ɗan Najeriya, wanda ya fara ɗaukar kitso da gyaran gashin matan Najeriya a 1968 ya ci gaba shekaru da dama har ya tara kusan hoto 1,000, yawancinsu daga ƙeya, bango ba ado, baƙi-da-fari. An nuna su a baje kolin Venice na 2013. Abu ɗaya ya kalla, ya ƙi ɗauke ido. Ki zaɓi naki wanda za ki iya komawa gare shi kowane mako: hannuwan mai wata sana'a, ɗaki ɗaya a lokuta daban-daban na yini, mutum ɗaya da ya ba ki izini. Ki ɗaure kanki da dokar fim ko da waya ce a hannunki, hoto 36 a fita ɗaya, ba gogewa. Ki jera su duka ƙanana a shafi ɗaya, ki zagaye waɗanda kika zaɓa da jan biro, ki rubuta dalili a gefe. Wannan shafin da littafin da kike rubuta tunaninki, malamai na son ganinsu kamar yadda suke son ganin hotunan da aka gama. Ba a fafe gora ranar tafiya, ki fara tun wannan watan.

Idan kina son ɗanɗana aikin hannu kafin ki samu ɗakin duhu, ki nemi kayan sayanotaif, dabarar da John Herschel ya gano a 1842, wadda Anna Atkins ta yi amfani da ita wajen ɗaukar siffar tsirrai tun 1843. Ruwan sinadari biyu ake haɗawa a shafa a takarda, ta bushe a inuwa, a ɗora ganye ko nagatif ɗin da kika buga a farar leda daga hotonki na dijital, a danne da gilashi, a kai rana, a ɗauraye da ruwa. Hoton shuɗi yake fitowa. Kin haɗa kwamfuta da hannu ke nan a aiki ɗaya, irin abin da ɗalibanmu na shekarar ƙarshe ke yi ta ɗaya ɓangaren, su ɗauka da fim su shigar da nagatif kwamfuta ta sikana.

Kyamara kuwa, kada ki saya yanzu. Makarantun da ke koyar da wannan fanni na da ma'ajiyar kayan aiki da ɗalibai ke aro, kuma sai kin gwada iri-iri za ki san wadda ta dace da hannunki. In kin ci karo da tsohuwar Pentax K1000, wadda aka yi ta ƙerawa daga 1976 zuwa 1997, ita ce ta koyo, komai nata da hannu ake saitawa, batir ɗinta ma'aunin haske kawai yake tayarwa. Ki duba soson da ke bakin murfin bayanta, in ya rube haske zai shiga. Idan za ki taho da fim, ki riƙe shi a jakar hannu, ki roƙi ma'aikatan filin jirgi su duba shi da hannu, domin sababbin na'urorin bincike na CT na iya lalata shi a wucewa ɗaya. Idan kuma kina da asma ko fatarki ba ta son sinadari, ki faɗa wa mai kula da ɗakin tun ranar farko, za a ba ki safar hannu da hantsaki, a tsayar da ke kusa da inda iska ke fita.

In kin yi fita uku ko huɗu a kan abin da kika zaɓa, ki turo mini shafukan gaba ɗaya, har da waɗanda kika ƙi, mu duba tare kafin ki rufe kundin. Allah Ya ba da sa'a.