Yadda ya kamata gidan tarihi ya nuna Maguzawa

Malam, ka tambayi yadda gidan tarihi zai nuna al'ummomin da aka mayar saniyar ware ba tare da cin zarafinsu ba. A ganina, matakin farko shi ne a bar su su yi magana da bakinsu. Idan Gidan Makama, gidan tarihin da ke Kano, wanda asalinsa yake komawa zamanin Sarki Muhammadu Rumfa a ƙarni na 15, zai baje kayan Maguzawa, kamar garaya ko tufafin bori, wajibi ne dattawansu su sa hannu wajen rubuta bayanin da ake liƙawa jikin gilashi, a faɗi garin da kayan suka fito da yadda aka same su. Kada a nuna su kamar mutanen da suka shuɗe, domin har yau suna noma a ƙauyukan Kano da Katsina. Abin da suka ce sirri ne kuwa, a bar shi a ɗakin ajiya.